Hoton ƙashina da tsohuwar da aka ce ta shanye min ɓargo

Shekarun baya, ina ajin farko a kwaleji a Kano, na zo hutu ƙauyenmu da ke gefen Toranke a ƙasar Ajingi, na karye a cinya saboda kallon belbela.

Ba wasa nake ba. Da yamma ne, lokacin roron gyaɗa. Shanun maƙwabtanmu Fulani suna komawa ruga, belbelu suna bin su ta sama, farare kamar an watsa auduga. Na fito daga ɗakin mahaifiyata da kwano a hannu, idona a sama, ina laluben kalmar da za ta dace da wannan fari, don a lokacin na ɗauki kaina babbar marubuciyar waƙa. Ƙafata ta sauka daga dokin ƙofa a karkace. Dokin ƙofar nan ko kaza ba ta buɗe fiffike in za ta sauka daga kansa. Na ji ƙas, kamar an karya alli, sai ga ni a ƙasa. Kalmar kuwa har yau ban same ta ba.

Ba ita ce karayata ta farko ba. Ina ƙarama na karye a hannu wajen wasan langa, daga baya na karye a idon sawu a hanyar rijiya. Kowacce sai ta daɗe kafin ta kama. A gidanmu har tsokanata ake da 'yar ƙwai. Don haka ba wanda ya firgita sosai. Mahaifina ya aika Ajingi aka ɗauko mai ɗori, ya yi addu'a, ya ja, na yi ihun da ya tashi tantabarun unguwa, ya jera kara ya ɗaure.

Makonni suka shuɗe. Wani saurayi da aka yi wa ɗori bayana har ya koma gona, ni ina nan a tabarma. Mai ɗori ya dawo, ya kwance, ya lallatsa cinyar. Sannan ya dubi mahaifina.

"Malam, ƙashin yarinyar nan ba ya amsa hannu. Ni dai ban taɓa jin irinsa ba. Ku kai ta Gaya a ɗauki hoto."

Aka yi shatar mota, aka shimfiɗe ni a kujerar baya. Mahaifina ya zauna a gaba, tare da baffana, wato yayansa, wanda shi ne babba a gidan tun rasuwar kakanmu, kuma ba a yanke komai sai da shi.

Mai ɗaukar hoton a Gaya matashi ne mai fara'a. Ya ɗauka, ya shiga ciki, ya fito fuska a yamutse. Ya ce mu yi haƙuri, injin ne yake masa wasa, hoton ya fito fari da yawa. Ya murɗa wani abu ya sake ɗauka. Wannan karon da ya fito fara'ar ta tafi gaba ɗaya. Ya maƙala baƙar ledar hoton a jikin allo mai haske, ya ɗauko hoton cinyar wani mutum daban ya maƙala a gefenta.

Ni ma daga inda nake kwance na ga bambancin. Ƙashin mutumin yana da farin baki biyu, tsakiyarsa kuma da duhu-duhu, kamar hanya tsakanin katanga biyu. Nawa fari ne fat tun daga wannan gefe har wancan. Karayar ta ratsa shi a miƙe, ba tsaga, ba karkace, kamar an sa wuƙa an yanka rogo. Gaskiya, abin kunya, abin da ya fara zuwa raina shi ne ya yi kyau. Kamar farin wata.

Matashin ya sa yatsa a duhun tsakiyar ƙashin mutumin.

"Nan ɓargo yake zama. To, nata ban ga wurinsa ba." Ya ƙara da cewa, "Amma ni mai ɗauka ne, ba mai fassara ba. Ku kai babban asibiti a Kano, akwai likitocin da aikinsu ke nan."

Mahaifina ya ji maganar ta biyu. Baffana ta farko kawai ya ji.

Kafin la'asar hoton ya zaga gidanmu. Mata suna ɗaga shi sama suna kara shi da rana, daga wannan hannu zuwa wancan. Kuma kada ku yi musu dariya. Mutanen nan sun san ƙashi. Duk wanda ya taɓa fasa ƙashin rago ran Sallah ya zuƙe abin da ke ciki ya san ƙashi da rami yake, kuma ramin ba a banza yake ba. Ga hoto, na asibiti, ba na boka ba, ya nuna ƙashin yarinya ba ɓargo. Gwaggona ce ta fara furtawa, a hankali, tana rufe baki da gefen mayafi.

"An shanye."

In an shanye kuwa, akwai wanda ya sha. Ba a kwana biyu ba aka samo ta.

Wata tsohuwa ce da katangarta ke jingine da tamu, kowa Iya yake ce mata. Ba 'yar garin ba ce. Aure ne ya kawo ta daga wani gari mai nisa, tana da shekarunta, lokacin mahaifina har ya zama saurayi mai gonar kansa. Mijin ya rasu, 'ya'ya ba su tsaya mata ba, ta zauna ita kaɗai tana kitso tana sayar da daddawa. Ita take min kitso tun gashina bai kai a kama ba. In na ɗora kaina a cinyarta sai ta ce, "Wash! Kan nan naki da nauyi kamar turmi. Ko littattafan ne kike zubawa a ciki?" In na motsa ta ɗan ranƙwashe ni da kibiyar kitso ta ce, "Zauna, mai kallon sama, ko in cinye ki yanzu." Duk yaran unguwa haka take ce musu. Jajibirin faɗuwata ta yi min kitso, ta faɗi maganganun nan biyu, akwai mata a zaune.

Sai maganar wasa ta zama shaida. Ta san nauyin ƙashin yarinyar. Ta ce za ta cinye ta. Ba ta ce tubarkalla ba. Wata ta tuna ɗanta ya yi zazzaɓi bayan ya ci miyar daddawarta. Wata ta tuna idonta yana ja. Mata suka daina zuwa kitso. In ta nufo rijiya sai a janye yara. Ina kwance ina jin shirun da ya sauka a bayan katangarmu, inda da ba a rasa hayaniyar mata da dariyarta.

A wajenmu, in an ce mayya ta kama kurwar mutum, akwai abin da ake yi. Ana kwantar da mara lafiya a tsakar gida, a kawo wadda ake zargi, ta tsallake shi a gaban jama'a. An ce da haka take sakin abin da ta kama. Baffana ya yanke cewa haka za a yi, kuma ba za a kai ni Kano ba sai an yi, don a cewarsa likita ba ya mayar da abin da aka shanye.

Mahaifiyata ta zo ta zauna kusa da ni tana shafa min man kaɗe a ƙafar mai lafiya.

"Umma, kin yarda Iya ce?"

Ta daɗe tana shafawa. "Ni ban ce ita ce ba. Ban kuma ce ba ita ba ce. Ni so nake ki tashi. Tsallake ne fa kawai, me zai rage ki?"

"Ni ba zai rage ni ba. Ita fa?"

Sai ta koma ɗaya ƙafar ta gyara min zani.

Abin da na kwana na tashi da shi ke nan. Wadda ta tsallake mara lafiya a gaban mutane ta amsa sunan ke nan har kabarinta. Ba mai ƙara sayen daddawarta, ba mai ba ta kansa, in yaro ya yi atishawa a unguwa ƙofarta za a nufa. Na san wata a wani ƙauye da aka yi wa haka, ƙarshenta sai da ta bar garin da ƙullin kayanta. Iya kuwa ba ta da garin da za ta koma.

Sai dai ku san wace ce ni a lokacin. Ni ce wadda ko na san amsa a aji ba na ɗaga hannu. In baffana ya shigo gida, gaisuwa ma a ciki nake yin ta. Ba ni da hujja ko ɗaya. Ni kaina na ga hoton, na ga ba rami, kuma ban san dalili ba. Abin da na sani kawai shi ne hannun da ya shekara goma sha wani abu yana tsefe min kai bai sha min komai ba.

Ranar, da hantsi, aka ɗauko ni da tabarmata aka ajiye a tsakar gida kusa da katangar rumfa. Gidan ya cika. Mata a tsaye ta ko'ina, maza a bakin soro, yara a kan katanga. Mahaifina yana tsaye can gefe, kansa a ƙasa, yana murza hularsa. Sai aka shigo da Iya. Ta rame. Ta ɗaura zaninta na zuwa biki, abin da ya fi komai karya min zuciya, kamar ta ce in za a wulaƙanta ta, a same ta da tsafta.

Baffana ya yi gyaran murya. "Baiwar Allah, ba mu kira ki don faɗa ba. Ga yarinya. Ki tsallake ta, kowa ya huta."

Iya ta dube ni. "Mai kallon sama," ta ce, "kwanta sosai. Bari in tsallake. In dai za ki tashi, ba komai."

Ban san lokacin da na yanke shawara ba. Na dai ga hannuna ya kama ginshiƙin rumfa. Na ja jikina. Cinyar ta amsa, wani zafi ya taso min har cikin haƙora, na ga duhu na ga haske. Na sake ja. Sai da na kai bayana jikin katanga na zauna daram, na manne kamar ƙadangare, na naɗe ƙafar mai lafiya, na rungume ginshiƙin. Wanda ya jingina da bango ba ta inda za a tsallake shi.

"Ke! Meye haka?" in ji gwaggona. "Kwanta mana!"

"Ba zan kwanta ba."

Muryar da ta fito ba irin ta jarumai ba ce, siririya ce kamar ta ɗan akuya. Amma ta fito, kuma kowa ya ji.

Baffana ya matso. "Da wa kike?"

"Allah ya ba ka haƙuri, Baffa. Ba raini ba ne. Amma ba za a tsallake ni ba."

"Lafiyarki ake nema miki, shashasha."

"Na sani. To in ta tsallake na warke, za a ce ita ce, ga shi ta saki. In ban warke ba, za a ce ita ce, ta ƙi saki. Ta ina za ta fita, Baffa? Ka nuna min ƙofar da aka bar mata, sai in kwanta."

Tsakar gida ta ɗauki salati. Wata ta ce boko ne ya lalata ta. Wata ta ce ai ba ita ke magana ba, mayyar ce ta kama bakinta. Mahaifiyata tana kuka tana cewa in rufa mata asiri. Baffana ya juya ga wasu mata biyu ya ce su kwantar da ni.

"Duk wadda ta ja ni," na ce, "ta san ƙashina. Ƙas yake yi. Sai dai a sake kiran mai ɗori, kuma a gaban kowa za a ce hannunta ne."

Suka tsaya cak. Rashin ƙwarin nan da ya sa ake kirana 'yar ƙwai, ranar shi ya tsare ni. Ba wadda ta yarda ta zama mayya ta biyu.

Baffana ya dubi ƙanensa. "Kana tsaye 'yarka tana mayar min da magana?"

Mahaifina mutum ne mai sanyi, ni na gado shi. Ban taɓa jin ya musa wa yayansa ba. Ya ɗago kai, ya mayar da hularsa.

"Yaya, yarinyar nan jikinta ne. Ta ce a'a. Mai hoton ya ce Kano, bari in kai ta Kano. In sun rasa gane kansa, sai mu dawo mu zauna."

"In ta mutu a hanya, kai da ita."

"Rai na Allah ne, Yaya."

Baffana ya kaɗa rigarsa ya fice. Jama'a suka watse suna waiwaye. Iya ta gyara ɗaurin zaninta na biki ta fita a hankali, ba tsallake, ba kuma wanda ya wanke ta. Sai da gidan ya yi shiru na saki ginshiƙin na fashe da kuka, don cinyar ta kumbura kamar tulu, kuma don tsoro ya kama ni. In likitocin Kano suka ce su ma ba su sani ba fa?

A Kano aka sake ɗaukar hotuna, ba na cinya kaɗai ba. Aka ɗauki baya, da ƙugu, da gwiwa, da kai, aka ɗebi jini. Likitar da ta fassara mana mace ce mai gilashi da saurin magana. Ta jera hotunan a allo, ta daɗe tana kallo, har ta kira wasu ɗalibai su zo su gani. Na ji haushi kaɗan, na kuma ji daɗi kaɗan. Ban taɓa tara 'yan kallo haka da waƙoƙina ba.

Ta fara da baya. Kowane ƙashi a jerin gadon bayana yana da farin layi mai kauri a sama, wani a ƙasa, tsakiya kuma da ɗan duhu. Da ka ja da baya ka kalle su a jere, sai ka ga kamar zanen saƙi mai ratsi-ratsi. Ta koma ƙugu, ta bi wani layi da bakin biro. A cikin faffaɗan ƙashin akwai siffar wani ƙarami, irinsa sak, kamar yadda ake jera ƙaramin kwano a cikin babba. Ta nuna ƙarshen ƙashin cinya wajen gwiwa, inda ya kamata ya tsuke sannan ya buɗe, nawa ya buɗe tun daga sama kamar gindin gora. Ta nuna gindin ƙoƙon kaina, fari tas, mai kauri.

Na tuna Iya da turminta. Ashe gaskiya take faɗa. Cinyarta ta riga injin sani.

Likitar ta faɗi sunan ciwon, osteopetrosis, ta ce ma'anarsa ƙashin dutse. Mahaifina ya ce, "To, likita, dutse kuma ya karye a dokin ƙofa?"

Ta yi murmushi. "Baba, gidanku na ƙasa ne?"

"Na ƙasa ne."

"In za ku yi yaɓe, kuna kankare tsohon da ya tsattsage?"

"Dole. In ba haka ba sabon ba zai kama ba."

Ta ce to haka jiki yake yi da ƙashi. Akwai masu kankare tsoho, akwai masu yaɓa sabo, aikinsu ke nan tun ana ciki har tsufa. A jikina masu kankarewar ne ba sa aiki yadda ya kamata. Sai yaɓe ya hau kan yaɓe, ƙashi ya yi kauri ya yi nauyi, ya cika har ya matse ramin tsakiya, amma ba shi da danƙo. Shi ya sa yake fitowa fari a hoto, shi ya sa yake karyewa kamar alli, shi ya sa yake jinkirin kamawa.

Na tambayi abin da ya kawo ni. "Ɓargon fa? An ce babu."

"Wa ya ce? In babu ɓargo da ba ki zauna nan kina min tambaya ba, shi yake yin jini. Yana nan, wuri ne ya yi masa kaɗan. Jininki ma bai yi ƙasa sosai ba." Ta ce akwai nau'i mai tsanani da ke kama jarirai, nawa mai sauƙin ne, wanda mutum kan girma da shi, wani ma bai san yana da shi ba. Kuma gadonsa ake yi, galibi daga ɗaya cikin iyaye. Sai ta dubi mahaifina ta saman gilashi. "Baba, ka taɓa karyewa?"

Ya ce sau ɗaya, daga kan jaki, kuma ya daɗe kafin ƙashin ya kama. Ta tambayi haƙora. Ya ce an taɓa cire masa ɗaya, muƙamuƙin ya yi wata da watanni yana ruwa. Ta tambayi yadda kunnensa yake ji. Mahaifiyata ta daɗe tana cewa kunnensa na hagu sai abin da ya ga dama yake ji.

Na ce, "Baba, ka yarda a ɗauke ka."

Ya dubi hotunana da ke allo. Na san abin da yake aunawa. In hoton ya fito fari, a gaban duk garin ciwon ya tashi daga kan tsohuwa ya dawo gidanmu, cikin jininsa da na yayansa. Ya cire hularsa ya miƙa min na riƙe.

Hoton bayansa ya fito da ratsin saƙi irin nawa. A ƙugunsa ga ƙaramin kwano cikin babba. Likitar ta sa biro a kan ƙaramin ta ce wannan sawun ƙashinsa ne na tun yana ɗan mitsitsi, wanda jiki bai kankare ba.

Mahaifina ya daɗe yana kallon jaririn da ke cikin ƙugunsa. Sannan ya ce, kamar da kansa yake, "Lokacin Iya ko labarin garinmu ba ta taɓa ji ba."

An yi min aiki an sa ƙarfe. Sun ce sun sha wahala kafin su huda ƙashin, abin hujin har zafi yake ɗauka. Na daɗe a asibiti, na daɗe a kan sanduna, shekarar karatu ta wuce ni.

Da muka koma gida mahaifina ya kai wa yayansa hotunan biyu a soro. Ina hango su daga ciki, ina kuma jin su. Baffana ya kara su da rana, ya juya, ya sake juyawa. Ya ce to, Allah ya sawwaƙe. Mahaifina ya ce likita ta ce duk ɗan gidan da yake so ya je a duba shi. Baffana ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ba wanda zai leƙa masa ƙashi. Bai ce Iya ce ba, bai ce ba ita ba ce, bai kuma taka ƙofarta ba. A cikin mata ma akwai masu cewa mayya mai ƙarfi tana iya kama uba da 'ya. Na gane hoto ba ya shiga inda aka rufe.

Don haka ranar kasuwar Ajingi, da hantsi, lokacin da layinmu ya fi cika da masu wucewa, na ɗauki sandunana na fita. Mahaifiyata ta ce ina za ni. Na ce kitso. Sai ta shiga ɗaki ta ɗauko kwalbar man kaɗe ta sa min a aljihun hijabi.

Iya tana zaune a ƙofar gidanta, tiren daddawa a gabanta, ba wanda ya taɓa. Na ce ta shimfiɗa tabarma a nan rumfar ƙofa, inda mata suke zama da.

"Koma gida, 'yar nan," ta ce. "Ki bar ni da abin da ya same ni. Gobe in kika yi tuntuɓe a ce na ƙarasa ki."

"Tuntuɓe kam zan yi, Iya, likita ma ta faɗa. Kaina ya yi wata nawa ba kitso, har ƙwarƙwata sun fara zaɓen mai unguwa."

"Ba na yi."

"To zan zauna a nan har magariba, a ce kin kama ni na kasa tashi."

Ta harare ni. Na zauna da ƙyar, na miƙe ƙafar, na zame ɗankwali. Mata masu wucewa suka rage tafiya. Na zaro hoton kaina daga ambulan na miƙa mata, na ce ga turminta. Ta kara shi da rana, ta daɗe tana kallon farin ƙoƙon nan da ramukan idanu.

"Wannan ke ce?"

"Ni ce."

"Kai, Allah mai iko. Ashe ciki ma ba kyau." Ta ajiye hoton a kan tire. "Wannan ko an ba ni kyauta me zan ci a ciki? Haƙora nawa gare ni?"

Dariya ta ƙwace wa wata mata da ke tsaye da ƙwarya a ka, ta yi sauri ta rufe baki. Iya ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta. Sai da ta tsaga layin farko sau biyu. Na ji ɗigon wani abu mai ɗumi a bayan kunnena, ban waiwaya ba. Can ta ce, "Wash," ta yi shiru, kamar tana tsoron ƙarasawa.

"Faɗi, Iya. Da ƙarfi, su ji."

"Kan nan naki da nauyi kamar turmi."

Ba a rana ɗaya mata suka dawo ba. Mahaifiyata ce ta fara, sai wata, sai wata. Akwai waɗanda ba su dawo ba har Iya ta rasu, shekaru bayan haka, a ɗakinta, a garin da ta zauna, mata cike da gidan.

Yanzu ina koyarwa a Gaya. Na ƙara karyewa sau ɗaya tun lokacin, kuma na san wataƙila ba ita ce ta ƙarshe ba. Ba na hawa babur, ba na wasa da ciwon haƙori, ina zuwa a duba min ido da kunne. Akwai masu ba ni shawara in daina faɗin sunan ciwona, wai saboda masu neman aure. Ina faɗa. Wanda zai tsorata da hoton ƙashina gara ya gan shi tun a soro.

In na tuna ranar nan a tsakar gida, ba hujjar likita ce take fara zuwa min ba, don lokacin ba ni da ita. Ginshiƙin rumfa nake tunawa, da sanyin katanga a bayana. Mutanena ba mugaye ba ne, sun ga fari a inda suka saba ganin rami, suka ji tsoro, tsoron kuma ya nemi wanda ba shi da kowa. Ni dai jikina ne aka so a yi gada da shi zuwa kanta, kuma ban bayar ba. Ƙashina ba ya lanƙwasa, likita ta ce wannan ne aibinsa. Ban musa mata ba.

Belbela kuwa ina nan ina kallonta. Sai dai yanzu nakan tsaya tukuna, in dafa bango.